Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Bishop-bishop ta Ikilisiyar Anglika ta Najeriya, kafin taron Abuja na Maris 2026

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Ina gaida Baba Henry Ndukuba, shugaban ikilisiyarmu, wanda mu mutanen Arewa muka sani tun yana bishop na Gombe. Ina gaida iyayenmu na lardunan Kaduna, Jos, Abuja da Lokoja, da sauran iyayenmu baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da hikimar kiwo.

Ni ɗan ikilisiya ne kawai, mai zama a bencin sujadar Hausa. A tarbiyyarmu ɗa ba ya tsayawa a bainar jama'a ya yi wa uba magana, saboda haka ku gafarce ni. Na rubuta a fili ne domin an riga an yi magana a fili da sunanmu. Ranar 16 ga Oktoba 2025, mako biyu bayan an sanar da Sarah Mullally a matsayin wadda za ta hau kujerar Kantabari, Babban Bishop Laurent Mbanda na Ruwanda ya fitar da sanarwa a madadin GAFCON, ƙungiyar Anglika masu riƙe da koyarwar aure ta asali wadda ikilisiyarmu take ciki. Sanarwar ta ce an daina amincewa da abubuwa huɗun da suka daɗe suna riƙe da zumuntar Anglika ta duniya, wato Babban Bishop na Kantabari, taron bishop-bishop na Lambeth, majalisar tuntuɓa ta ACC, da taron shugabannin larduna. Ta ce kada a halarci taron da Kantabari ta kira, kada a ba ACC kuɗi, kada a karɓa daga hannunta. Ta ce za a kafa majalisar shugabannin larduna wadda za ta zaɓi jagoranta, ta kuma gayyaci bishop-bishop zuwa Abuja daga 3 zuwa 6 ga Maris 2026. A gidanmu ke nan za a yi wannan zama.

A kan aure ba ni da ja da ku. Abin da Ubangiji ya faɗa a Matiyu sura 19, namiji da mace su zama jiki ɗaya, shi muka tashi a kai, shi kuma nake so 'ya'yana su tashi a kai. Na kuma san abin da ake ji a jiki idan labarin Ingila ya fito a rediyo da safe, da yamma maƙwabci ya tare ka a teburin mai shayi, yana murmushi, ya ce ashe cocinku ya halatta auren jinsi. Sai ka kama bayanin cewa cocin Ingila daban, namu daban, shi kuwa ya riga ya juya ga shayinsa. Tambayata wata ce dabam, kuma ita ce nake ganin wannan rikici ya yi shekara ashirin da wani abu yana zagayawa a kanta: bishop, wa yake yi wa biyayya, kuma wa ke iya ce masa ya tsaya?

Kun fi ni sanin yadda abin ya faro. A 1998 taron Lambeth ya zartar da ƙuduri na I.10 da ƙuri'a 526, masu adawa 70, waɗanda suka ƙaurace 45. Ƙudurin ya ce luwaɗi da maɗigo ba su dace da Littafi Mai Tsarki ba, kuma taron ba zai iya ba da shawarar a sa wa irin wannan zama albarka ba, ko a keɓe masu yin sa ga aikin ikilisiya. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 2002, majalisar dayosis ɗin New Westminster a Kanada ta amince da sa albarkar, Bishop Michael Ingham ya yarda, wakilan wasu ikilisiyoyi suka tashi suka fice daga zauren, cikinsu har da dattijon malamin tauhidi J. I. Packer. Ranar 2 ga Nuwamba 2003 Amurkawa suka keɓe Gene Robinson bishop na New Hampshire, yana zaune da namiji ɗan'uwansa, bayan shugabannin larduna sun taru a Landan a watan Oktoba sun gargaɗe su cewa yin haka zai yaga zumuntar. Sun ji, suka ci gaba. Hujjarsu ita ce Lambeth ba ta da ikon kafa wa kowane lardi doka. Ta fuskar tsari ba su yi ƙarya ba, don tun taron farko a 1867 aka yarda cewa Lambeth wurin shawara ne, har Babban Bishop na York na lokacin ya ƙi zuwa saboda tsoron kada taron ya ɗauki ikon da ba a ba shi ba. Amma wanda ya zauna da 'yan'uwansa aka yi shawara, ya koma gida ya yi abin da ya ga dama, ya karya zumunci ko da bai karya doka ba.

Rahoton Windsor na 2004, wanda Babban Bishop Robin Eames ya jagoranta, ya roƙi abu uku: a dakatar da keɓe irin waɗannan bishop-bishop, a dakatar da sa albarkar, a kuma daina tsallaka iyaka ana aiki a dayosis ɗin wani bishop ba da izninsa ba. Mun iya biyun farko a ka, na ukun ne ba a cika ambatonsa a wurinmu ba. A Agusta 2006 aka keɓe Martyn Minns a Abuja don ya zama bishop na CANA, reshen ikilisiyarmu a Amurka, a Disamban shekarar kuma manyan ikilisiyoyin Truro da Falls Church na jihar Virginia suka kaɗa ƙuri'ar komawa ƙarƙashin Najeriya. Na fahimci dalilin Baba Peter Akinola, shugaban ikilisiyarmu na lokacin, cewa tumakin da makiyayinsu ya kauce ba za a bar su haka ba, kuma da ni ne a wurin mai yiwuwa in goyi bayansa. Sai dai abin da ya biyo baya shekaru ne na shari'a a kotunan Amurka a kan gini da fili, har a 2012 jama'ar Falls Church da suka fice suka miƙa makullan ginin cocinsu. Manzo Bulus ya yi wa Korintiyawa faɗa a kan ƙasa da wannan. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, a shekarun nan kowane ɓangare ya sami ayar da ta ba shi damar yin abin da 'yan'uwansa suka roƙe shi kada ya yi.

Labarin Ingila ya fi kusa da abin da ke damuna. Ranar 9 ga Fabrairu 2023 babbar majalisar cocin Ingila ta amince da addu'o'in sa wa ma'auratan jinsi ɗaya albarka. A duba yadda ƙuri'ar ta kasance. Zauren bishop-bishop, 36 sun yarda, 4 sun ƙi. Zauren limaman coci, 111 da 85. Zauren 'yan ikilisiya, 103 da 92. Wato bishop-bishop sun yi nisa ƙwarai a gaban garken, jama'a kuwa sun kusa rabuwa biyu daidai. Dokarsu ta ce sabon tsarin sujada yana bukatar kashi biyu cikin uku a kowane zaure, kuma kowa ya ga ba za a samu ba. Sai bishop-bishop suka bi ta wata ƙofa: suka ce su ba sabon tsarin sujada suka kafa ba, addu'o'i ne kawai suka yaba wa limamai, wanda ya so ya yi amfani da su a cikin sujadar da aka saba. Suka kuma ce koyarwar aure tana nan yadda take, namiji ɗaya da mace ɗaya. Justin Welby, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, ya goyi bayan addu'o'in, ya ce amma shi da bakinsa ba zai yi su ba. A Nuwamba 2023 batun gwada sujada ta musamman don wannan albarka ya tsallake zauren 'yan ikilisiya da ƙuri'a ɗaya tak. A 17 ga Disamba aka fara amfani da addu'o'in. Ba wanda ya gamsu. Masu so sun ce an ba su rabin abu, masu ƙi sun ce an canja koyarwa ta bayan gida, wasu ikilisiyoyi suka fara karkatar da kuɗin da suke ba dayosis, suna neman a ba su wani bishop dabam da zai kula da su. A Oktoba 2025 bishop-bishop ɗin da kansu suka dawo suka yarda cewa sujada ta musamman ba za ta yiwu ba sai an bi hanyar kashi biyu cikin ukun nan da aka kauce wa tun farko.

Laifinsu na farko kaucewa Maganar Allah ne, na yarda. Na biyun shi ne sun ga jama'a ba su kai inda suke so ba, suka nemi hanyar da ba sai an jira jama'a ba. Wannan na biyun, iyayenmu, mai koyarwa daidai ma yana iya faɗawa cikinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A 2005 kun bi hanya mai kyau. Da za a cire ambaton kujerar Kantabari daga kundin tsarin ikilisiyarmu, babbar majalisa ce ta zauna a Onitsha, da bishop-bishop da limamai da wakilan 'yan ikilisiya. Abin da ake shirin yi yanzu ya fi wancan girma. Wancan gyaran kundinmu ne na cikin gida, wannan kuwa shiga ne ƙarƙashin sabuwar majalisa ta duniya, da sabon jagora. Amma mu da muke ƙasa, ta wayar salula muka ji shi.

Bari in faɗa muku yadda irin wannan saƙo ke isowa wurinmu idan ya iso. An gama karatu na biyu, an yi waƙa, sai rabaran ya ciro takarda mai shafi uku ko huɗu daga cikin littafin addu'a, ya ce wasiƙa ce daga iyayenmu. Da Turanci take, irin Turancin da ko wanda ya yi jami'a sai ya maimaita. Malam katikis yana tsaye a gefe yana juyawa zuwa Hausa nan take, ba a ba shi takardar tun jiya ba balle ya shirya. Ya kai wurin sunayen majalisu da ƙudurori, ya ɗan yi tari, ya ce abin da iyayenmu suke nufi dai shi ne ba mu yarda da auren jinsi ba. Kowa ya ce amin. Aka wuce zuwa sanarwar kuɗin gini da ta gwajin waƙar zumuntar mata. Tsohuwar da ke zaune a gaba, wadda ta sayar da gyaɗarta ta kawo baikon godiya na girbi, da kuɗinta ake sayen tikitin zuwa tarukan GAFCON, Urushalima a 2008 da 2018, Nairobi a 2013, Kigali a 2023, amma ba wanda ya taɓa zama ya faɗa mata da harshenta abin da aka yanke a can. Littafi Mai Tsarki ya samu da Hausa tun 1932, da wahalar su Dokta Walter Miller da 'yan ƙasa da suka yi aiki tare da su. Sanarwar Urushalima ta GAFCON mai sassa 14, wadda aka ce ita ce sharaɗin zama ɗan sabuwar zumuntar, mutum nawa ne a sujadar Hausa suka taɓa jin an karanta musu ita?

A Ayyukan Manzanni sura 15, da gardamar kaciya ta taso, Bitrus ya yi magana, Bulus da Barnaba suka ba da labari, Yakubu ya yanke. Amma aya ta 22 ta ce shawarar ta yi wa manzanni da dattawa daɗi tare da dukan ikilisiya. Ba su kuma aika takarda kawai ba, sun haɗa ta da Yahuza da Sila don su yi bayani da baki.

Sai maganar ƙudurin 1998 kansa. Muna kafa hujja da shi kullum, amma rabinsa muke karantawa. A cikinsa bishop-bishop sun ɗauki alkawarin sauraron mutanen da ke samun kansu da sha'awar jinsinsu, sun tabbatar musu cewa Allah yana ƙaunarsu, kuma duk mai bi da aka yi wa baftisma cikakken gaɓa ne na jikin Almasihu. Sun kuma yi tir da tsoron da ba shi da tushe a kansu. Iyayenmu na Najeriya suna cikin masu ƙuri'a 526 ɗin nan, saboda haka alkawarin yana wuyanmu. A Fabrairu 2021 wata sanarwa daga ofishin shugaban ikilisiyarmu ta kwatanta luwaɗi da ƙwayar cuta mai kisa wadda dole a tumɓuke ta. Welby ya soki kalmomin, mu kuma muka ce ina ruwansa. To, a bar Welby a gefe. Ku yi tunanin saurayi ɗan shekara 19 a ƙungiyar mawaƙa, ɗan gidan wani dattijon ikilisiya, yana fama da wannan abu a zuciyarsa, bai faɗa wa kowa ba, yana roƙon Allah dare da rana. Ya ji wannan magana daga bakin uban ikilisiya. Ya kuma san dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014, ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, shekara 10 ga masu taimaka musu. Wurin wane rabaran zai je ya yi kuka? Ba ina roƙo a sa wa zunubi albarka ba ne. Ina roƙo a koya wa limamanmu a makarantun tauhidi yadda za su zauna da irin wannan yaro, su riƙe asirinsa, su faɗa masa gaskiya, ya fita daga ofishinsu da ransa da begensa. Idan muka zargi Amurka da Ingila da yar da rabin ƙuduri, mu ma akwai rabin da ke jiran mu.

Ku kuma lura da yadda kalmomi ke komawa makami a ƙasarmu. Ga 'yan'uwanmu na Methodist a Taraba. Bayan babban taronsu na duniya a Amurka ya janye hanin da ke kan auren jinsi a 2024, ikilisiyar ta rabu biyu, aka shiga jayayya a kan majami'u da kadarori, a Disamban shekarar kuma aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje a Munga Dosa ta ƙaramar hukumar Karim Lamido. A nan, da zarar an laƙa wa mutum cewa yana goyon bayan 'yan luwaɗi, an gama da shi, ko da abin da ya yi bai wuce tambayar bishop lissafin kuɗi ba. Baba Josiah Idowu-Fearon, tsohon bishop na Sakkwato da Kaduna, ya riƙe kujerar babban sakataren zumuntar Anglika ta duniya daga 2015 zuwa 2022, yana riƙe da koyarwar aure irin tamu, duk da haka ikilisiyarsa ta gida ta nesanta kanta da naɗinsa. Idan an yi wa babba haka, ɗan benci da zai ce a dakata a yi tunani fa?

Wasu za su ce duk wannan taka-tsantsan ragowar bautar Turawa ce. Ban manta da Samuel Ajayi Crowther ba, wanda aka keɓe a Kantabari a 1864, samarin ƙungiyar mishan ta Ingila, CMS, suka tozarta shi a 1890, ya rasu a ƙarshen 1891 da baƙin ciki. Ba na kukan kujerar Kantabari, kuma tun 24 ga Fabrairu 1979 da muka zama lardi mai cin gashin kansa ba ta da iko a kanmu. Amma akwai wani tarihin da ya kamata mu riƙa tunawa. A 1888 Lambeth ta ce ba a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Shekara ɗari cif bishop-bishop na Afirka suna ganin wahalar da wannan ke jawo wa mata da yara, har a 1988 taron ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa masu bi, ba sai ya sake su ba, muddin ba zai ƙara aure ba kuma ikilisiyar yankin ta amince. Masu goyon bayan albarkar nan a Ingila sukan jefa mana wannan, su ce an yi muku sassauci, ku ma ku yi mana. Amsar da nake ba su ita ce iyayenmu sun kawo maganarsu gaban 'yan'uwa, sun jira har aka yarda, New Westminster kuwa ba ta jira ba. Wannan amsa tana da ƙarfi ne muddin mu ma masu kawo magana gaban 'yan'uwa ne.

Su wane ne 'yan'uwan ma a sabon gidan? Lardunan da ke cikin GSFA, zumuntar Anglika ta ƙasashen kudancin duniya, ƙarƙashin Babban Bishop Justin Badi na Sudan ta Kudu sun ce tun 20 ga Fabrairu 2023 ba su ƙara ɗaukar Welby a matsayin jagora ba, amma da yawansu sun je Lambeth a 2022 lokacin da mu da Yuganda da Ruwanda muka ƙi zuwa, sun tsaya sun faɗi matsayinsu a cikin zauren. Koyarwarsu ɗaya da tamu, hanyarsu dabam. A cikin GAFCON ma, mu ba mu keɓe mata limamai, Yuganda da Ruwanda suna keɓewa, Kenya kuwa tun 2021 tana da mata bishop. A farkon 2019 ikilisiyarmu ta zaɓi bishop huɗu don aiki a Arewacin Amurka, abokanmu na ACNA, ikilisiyar GAFCON ta can, suka koka cewa ba a shawarce su ba. Saɓani zai zo, wannan ba shakka. Ran da wani shugaban lardi a sabuwar majalisar ya kauce, a kan kuɗi ne, ko koyarwar arziki, ko ɓoye laifin cin zarafi irin abin da ya ci kujerar Welby a Nuwamba 2024 bayan rahoton binciken Makin, wa zai tsawata masa? Da wace doka? Akwai kujerar limamai da ta 'yan ikilisiya a wurin? ACC da ake cewa mu bari, duk da laifuffukanta, ita kaɗai ce cikin huɗun nan da ɗan ikilisiya ke zama ya kaɗa ƙuri'a. Sashe na 21 na sassa 39 na bangaskiyarmu ya ce manyan majalisu ma suna iya kuskure, bai kuma ware na Afirka ba.

Roƙona shi ne, duk abin da za a ƙulla a Abuja, ku ɗauke shi a matsayin shawara da za ku kawo gida. A juya shi zuwa Hausa da sauran harsunanmu, masu iya aikin su yi shi a tsanake, a haɗa da Sanarwar Urushalima da ƙudurin I.10 dukansa ba a yanke komai ba. A kai shi majalisar kowace dayosis, a bar rabaran da malamin makaranta da shugabar zumuntar mata su yi tambaya ba tare da an sa musu suna ba, sa'an nan babbar majalisa ta kaɗa ƙuri'a zaure-zaure, a buga alƙaluman kowa ya gani kamar yadda muka ga na Ingila. Ina kyautata zaton za ku sami rinjaye mai yawa. Idan an fara zagayen bayanin, ina roƙo kada a tsaya a manyan majami'un birni. A aiko wani ya zo sujadar Hausa, a kuma ba malam katikis takardar tun ranar Juma'a.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku.

Ɗanku cikin bangaskiya,
wani ɗan ikilisiya daga lardin Kaduna